Foldar da Kaka Ta Raɗa wa Suna Kwano

Daga ɗakin baya zuwa shagonmu taku sittin da huɗu ne, idan Kaka ba ta shanya barkono a tsakar gida ba. Idan ta shanya yakan kai saba'in. Shekara biyu cur ni ne mai wannan zirga-zirgar, da ɗan filash a aljihun rigar aiki.

Gidanmu gidan masu saƙar atlas ne, wato yadin alharini mai zane, a garin Margilon. Baba, Usta Toshmat (Usta muke ce wa gwanin sana'a), shi ke zana zanen da hannu a takarda. Ƙanwata Dilrabo ta ɗauka ta shigar a kwamfutar ɗakin baya ta zuba masa launi. Babbar firinta kuwa tana shago a bakin ƙofar gida, ita da ɗaya kwamfutar. Ni Ergash, aikina rini. A aji tara na bar makaranta. Ba korata aka yi ba, malamai ma sun shaide ni da rashin fitina, kawai dai kafin in gama fahimtar tambaya sai in ga an shiga wani darasin. Duk lokacin da Baba ya ce a buga masa zane da girma ya gani, ni ake ƙwala wa kira, in goge hannu in karɓi filash in kama hanya.

Wata Talata na sunkuya ina duba tukunyar shuni, filash ya zame ya faɗa ciki. Na tsamo shi da ludayi. Rinin ya kama shi ko'ina, ya yi kyau, amma daga ranar bai ƙara yi wa kwamfuta magana ba.

"Na uku ke nan, Yaya," in ji Dilrabo. "Na farko ja, na biyu rawaya. Ka haɗa su ka yi wa Kaka sarƙa."

Baba bai yi dariya ba, don a lokacin hankalinsa na kan zanen rumman. Shekara biyu yana fama da shi: reshe guda mai 'ya'yan rumman jajaye a kan shuɗi mai duhu, wanda yake so ya fitar a bikin baje kolin atlas na lokacin kaka. Matsalar ita ce duk inda jan ya haɗu da shuɗin sai su shiga juna su zama kalar laka. Ya gwada ɗauri iri-iri a zare kafin rini, abin ya ƙi. Kuma ya kafa mana doka cewa kada idon wani na waje ya ga zanen nan kafin ranar bikin. Da ya ce wani na waje, duk mun san wanda yake nufi, don yana faɗa yana kallon katanga.

Bayan katangar Usta Hamro ne. Tare suka koyi sana'a wajen malami ɗaya, tare suka yi aure a shekara ɗaya. Shekara shida da suka wuce kyanwar Usta Hamro, wata ja mai farar ƙafa guda, ta hau rumfar inabinmu ta cinye salwar Baba da ke cikin keji. Da Baba ya je ƙorafi, sai Usta Hamro ya ba shi haƙuri, ya kuma ƙara da cewa ai dama salwar ba ta iya kuka ba. Cin salwar bai ɓata wa Baba rai kamar wannan maganar ba. Tun daga ranar ko a masallaci sai a samu mutum uku a tsakaninsu.

Matan dai ba su shiga wannan rigimar ba. Akwai inda katangar ta ɗan rushe kusa da tanderu, ta nan Kaka da Gwaggo Mastura, matar Usta Hamro, ke miƙa wa juna kwano. Mu kai osh, dafa-dukan shinkafarmu, kwanon ya dawo da samsa, 'yar gurasa mai nama a ciki. Su kawo miyar kabewa, Kaka ta mayar da zabibi. Idan babu komai a gidan, ko ƙwai biyu ne sai an saka, don a unguwarmu mayar da kwano wayam abin kunya ne da ake tuna wa jikoki.

To, da filash ya mutu, na tafi kasuwa in sayo wani. Mai gyaran waya ya dube ni ya dubi hannuwana.

"Kai ne na gidan Usta Toshmat mai rina filash? Kwamfutocinku ba waifai ɗaya suke kai ba?"

Na ce ɗaya ne.

"To me kake wahalar da ƙafarka? Ka buɗe folda ɗaya tsakaninsu. Abin da aka saka a can, sai a gan shi a nan."

Ya rubuta mini matakan a bayan wata takardar naɗe gurasa. A danna foldar ta hannun dama, a zaɓi rabawa, a ba da izinin dubawa da na sakawa, a kunna abin da ke sa kwamfutoci su ga juna. Da ya zo mataki na ƙarshe sai ya ɗaga biro.

"Ku kaɗai ne a waifan?"

"Mu kaɗai."

"To ka buɗe wa kowa, ka kashe lambar sirri. In ka sa lamba, na san ka, jibi za ka dawo ka ce ka manta."

Wuni guda na yi ina bin takardar nan layi-layi da yatsa. Sau biyu kwamfutar shago ta ce ba ta ga 'yar'uwarta ba, na koma na tarar na tsallake layi. Wajen la'asar Dilrabo ta saka wani zane a ɗakin baya, na ruga shago, sai ga shi zaune yana jirana. Na koma na ce ta sake. Ta sake. Sau biyar muka yi, har ta ce in na ƙara rugawa a guje to ban gane amfanin abin ba.

Kaka ta biyo ni da sandarta ta tsaya a bayana.

"Me ka ce ka yi?"

Na ce, "Kaka, kamar kwano ne guda, amma yana ɗakin baya yana kuma shago a lokaci ɗaya. Wanda ya zuba a can, na nan ya ɗiba."

"To ka rubuta masa Kwano mana, ka bar wannan dogon sunan."

Na sauya sunan. Duk zanukan Baba suna ciki, har da na rumman, don shi aka fi bugawa.

Mako guda na huta. Sai wata safiya na buɗe Kwano na ga hoton inabi an shanya a kan rufin ɗaki. Na ce Dilrabo ce take gwaji. Bayan kwana biyu ga hoton wata takarda, an rubuta yadda ake jiƙa tumatir a kwalba don hunturu. Sai hoton wani jariri mai kumatu da hular saƙa. Na lura duk ranar da Dilrabo ta saka sabon gyaran zanen rumman, washegari sai wani abu ya bayyana. Na lura, amma ban kai ƙarshen tunanin ba. Ni tunanina kamar jiƙa zare ne, sai ya kwana.

"Yaya, ka daina cika mana folda da shirme," in ji Dilrabo a wajen shayi. "Ɗan waye wannan mai kumatun?"

"Ai na zaci naki ne."

"Nawa? Yaushe na haifa ban sani ba?"

Kaka ta kurɓi shayinta ta ce gishirin miyar jiya ya yi yawa.

Ranar Litinin Baba ya leƙo wajen rini ya ce in bugo masa zane na ƙarshe da ke cikin Kwano. Na je shago na danna wanda ke sama na buga, ban ko duba ba. Sai da na kai tsakiyar gida, wajen taku na talatin, na kalli takardar. Zanen rumman ne, amma hoto ne aka ɗauka na bugaggen zanen a kan wani tebur da ba namu ba. An bi bakin kowane rumman da farin alli, siririn layi tsakanin ja da shuɗi. A kusurwar hoton kuma, a kan takardar, ga ƙafar kyanwa. Fara, da ɗan ja a sama.

Na tsaya. Na san ƙafar nan, duk gidanmu mun san ta.

"Ergash! Firintar ce ta haɗiye ka?"

Na yage kusurwar na cusa a aljihu na kai masa.

Baba yana zaune a gadon katako ƙarƙashin rumfar inabi. Ya karɓa, ya nisanta takardar da idonsa, ya matso da ita. Sai ya ɗora yatsa a kan farin layin.

"Zare biyu," ya ce a hankali. "A bar zare biyu fari, kada rini ya taɓa su. Jan ba zai ga shuɗin ba balle su yi faɗa. Shekara biyu!" Ya ɗaga murya. "Dilrabo! Ke kika yi wannan?"

Ta fito ta duba. "Ni ba na taɓa alli, Baba, yana ɓata mini farce."

Baba ya juyo ya dube ni. Da na buɗe baki a lokacin, da an gama. Amma ina ta neman inda zan fara, shi kuma ya ɗauki shirun nawa a matsayin kunya. Na ga idonsa ya kawo ruwa.

"Ashe kana kallo," ya ce. "Duk shekarun nan kana bakin tukunya kana kallo. Allah ya jiƙan mahaifiyarka, ita ta ce mini yaron nan ba daƙiƙi ba ne, a hankali yake dahuwa."

Ban taɓa jin Baba ya yi mini magana haka ba. Maganar ta yi mini daɗi, ga kuma ƙafar kyanwa a aljihuna. A ranar ya sa aka miƙe zaren alharini a kan katako, ya zana da gawayi, aka fara ɗauri da sabon layin.

Da suka shiga cin abincin rana na lallaɓa wajen rusasshiyar katanga na yi gyaran murya. Gwaggo Mastura ta taso daga bakin tanderu tana karkaɗe gari.

"Ergash ɗan albarka! Kun ga jikana? Ka ga kumatu? Abincin Koriya ya karɓe shi."

"Gwaggo, ta yaya kuke shiga Kwano?"

"Yo ba a kwamfutar da ɗanmu Botir ya aiko mana daga Koriya muke magana da shi ba? Ina neman hotunan suna, sai na ga wani abu ya fito a gefe da sunan gidanku, na danna, ga Kwano. Na ce kai, kakarka Inna Oyimhon ta waye, yanzu ta nan ake miƙowa."

"Amma waifan..."

"Naku ne mana. Tun bara da namu ya lalace kakarka ta rubuto mini lambar a takarda ta sa a ƙarƙashin gurasa. Me za a yi da biyu, katanga ɗaya ce tsakani?"

Na dafa katangar.

"Baffa Hamro ya ga zanen?"

"Ya gani? Ai tun ranar farko na kira shi. Ya zauna yana kallonsa, sai da ya share ido. Ya ce, Mastura, Toshmat ya aiko mini da abin da ko matarsa marigayiya da ba zai nuna wa ba. Shekara shida bakinsa ya kasa, sai ya aiko ta kwano. Mu kuwa me za mu mayar? Na sa inabi, na sa tumatir, ya ce wannan duk wasan yara ne, mutum ya ba ka zanensa ka ba shi tumatir? Kwana huɗu ya yi da allin nan. Juma'a bayan masallaci zai shigo da kansa. Ya ma zaɓi kankana, tana cikin ruwa tana sanyi."

Na koma shago. Na ciro takardar mai gyaran waya, na fara bin ta daga ƙasa zuwa sama, don in warware abin da na ƙulla. Ina kan layi na biyu sai na ji sanda a kafaɗata.

"Me za ka yi?"

"Rufewa zan yi, Kaka."

"Mutum ya miƙo maka kwano cike, ka karɓa ka cinye, sannan ka toshe katanga? A gidan wa ka koyi wannan?"

"Kaka, kin san su ne tun farko?"

"Na san kumatun zuriyar Hamro tun kafin a haifi ubanka."

Dilrabo ta shigo, na nuna mata ƙafar kyanwar. Ta yi dariya har ta zauna a kan buhun zare, sannan ta tsaya cak.

"Yaya, ka tsaya. In ka rufe yanzu, Baffa Hamro zai ce Baba ya ci gyaransa ya kulle masa ƙofa. Kuma zanen gaba ɗaya yana hannunsa a buge. Masaƙa huɗu gare shi, mu biyu. Kafin mu gama ɗauri ya rataye rumman a kasuwa."

"In kuma na bari?"

"Juma'a ya shigo da kankana."

"To ya zan yi?"

"Ka faɗa tukunyar shuni, mu tsamo ka da ludayi."

Kwana uku na yi ina rini da wannan a cikina. Na yi rawaya da ɓawon rumman, aka sake ɗauri, na yi ja, aka sake, sannan shuni. Ban taɓa kula da tukunya kamar wannan karon ba, don ita kaɗai ce ba ta tambayata komai. Baba kuwa ya sauya mini. Ya daina kirana kai mai shuɗin hannu. Ranar Laraba ya ba ni gawayi da wata tsohuwar takarda mai zanen ƙahon rago, ya ce in nuna masa inda zan gyara. Na riƙe gawayin na daɗe, na ja layi ɗaya. Baba ya karkata kai.

"Wannan ƙaho ne ko wutsiya?"

"Ban gama ba, Baba."

"Bar shi, bar shi. Basira ba kullum take zuwa ba."

Safiyar Juma'a aka kwance ɗaurin kashin farko aka shanya zaren a tsakar gida. Rumman ɗin suka fito jajaye kamar a tsinka, shuɗin ya tsaya a inda aka ce ya tsaya, farin layin yana tsakaninsu siriri. Baba ya zagaya shi sau uku hannunsa a baya. Ya ce ranar biki sunana zai sa a gefen nasa.

Bayan masallaci na yi sauri na riga kowa dawowa, na dafa koren shayi na kai wa Baba ƙarƙashin rumfa. Na durƙusa na ce ina da magana. Ya ce in faɗa. Na fara daga filash na farko, wanda ya faɗa cikin ja, don ina ganin in ba a fara daga tushe ba ba za a gane ba. Na zo kan na biyu. Ina cikin bayanin mai gyaran waya da takardar gurasa aka buga ƙofa.

Dilrabo ta buɗe, ta kauce gefe kamar mai gudun mota.

Usta Hamro ya shigo da sabuwar riga mai ratsi, hularsa a goge, rungume da kankana kamar jariri. Ya yi sallama. Baba ya miƙe tsaye, kofin shayi a hannu, bakinsa ya amsa sallamar kafin shi ya yanke shawara. Sannan ya tuna da zaren da ke shanye, ya matsa ya tsaya a gabansa ya buɗe hannuwa, kamar jikinsa zai rufe taku ashirin na alharini.

Usta Hamro ya leƙa ta gefensa ya yi murmushi.

"Ka bar biyu. Na yi tunanin uku, amma biyun ya fi. Ka ga na ƙasan nan, da na ce..."

"Ka ce? Ka ce me? A ina ka san shi?"

"Yo a Kwano mana, Toshmat. Wanda ka aiko."

"Na aiko? Ni? Gara in aika wa kyanwarka wata salwar!"

Usta Hamro ya dube ni. Baba ya dube ni. Na ciro kusurwar takardar daga aljihu, ta yi laushi ta ɗan yi shuɗi, na miƙa wa Baba. Ya kalli ƙafar kyanwar. Na faɗi sauran a gajarce, karon farko a rayuwata: na buɗe foldar ga duk wanda ke waifanmu, Kaka ta ba su lamba tun bara, layin ba nawa ba ne, na yi shiru ne don maganar da ya yi mini ta yi mini daɗi.

Fuskar Baba ta yi kalar rininsa.

"Ɓarawon zane! Mako uku kana leƙen ɗakina!"

"Wa ka kira ɓarawo? An taɓa ɓarawon da ya shiga gida ya gyara gado ya fita? Da sata na zo yi, da tuni matan birnin Fargona suna yawo da rumman ɗinka a jiki! Shekara biyu kana dama laka, tsoho, kwana huɗu na yi!"

"Wa ya tambaye ka?"

"Ba wanda ya tambaye ni! Na zaci mutunci ya dawo maka, ashe kuskuren yaro ne!" Ya gyara riƙon kankanar. "Mastura ta goge mini riga."

Ya juya zai fita. Na san in ya ƙetare ƙofar nan da wannan fuskar, masaƙansa huɗu za su kwana suna aiki. Baba ma ya sani, amma ya ɗaga haɓa ya ce da ni, "Je ka rufe abin nan yanzu. Ku kuma a kwance zaren, ba na son layin kowa a atlas ɗina."

Kaka ta buga sandarta a ƙafar gadon katako. Ba ta tashi ba.

"Hamro, ajiye kankanar nan kafin ta tsinka maka baya. Toshmat, zo nan."

"Inna, wannan maganar maza ce."

"Ni na goya ka, shi kuma ni na cire masa ƙaya a ɗuwawu ranar da kuka faɗo daga bishiyar maƙwabta. Zo nan. Layin nan ka yi aiki da shi ko ba ka yi ba?"

"Ban san nasa ba ne."

"Ban tambaye ka abin da ka sani ba. In an miƙo samsa ka cinye a duhu, ka ci ko ba ka ci ba?"

Baba ya sosa ƙeya.

"To kwano yana wajenka. Ka rufe in kana so, gidanka ne. Amma sai ka mayar da shi tukuna, kuma ba wayam ba. Shekara sittin ina miƙa kwano ta katangar nan, ba a taɓa cewa na gidan Oyimhon ya dawo da iska ba, ba kuwa za a fara ina da rai ba."

"Me zan saka masa? Tumatir?"

"Abin da ya kai nasa. Kai ka san shi."

Duk mun san shi. Jan Baba. Shekara talatin Usta Hamro yana son sanin abin da Baba ke ƙarawa a tukunyar ja, ni kaina da nake rinin sai dai a ba ni ƙullin a haɗe.

Baba ya kalli zaren da ke shanye. Ya kalli farin layin, ya daɗe. Sannan ya wuce ɗakin baya ba tare da ya dubi kowa ba, muka ji yana cewa, "Dilrabo, zo ki rubuta. Ke kaɗai." Usta Hamro yana tsaye a tsakar gida, gida ɗaya da su, taku goma tsakani, amma Baba bai yarda ya faɗa masa da baki ba. Ta Kwano abin ya zo, ta Kwano zai koma.

Kaka ta sa na yanka kankanar. Usta Hamro ya zauna a bakin gadon ya ci yanka biyu, yana cewa shi tafiya zai yi. Da Dilrabo ta fito ta ce an saka, ya miƙe ya goge baki ya tafi gida ya duba, da ɗan sauri.

Daga baya na tambaye ta ko Baba ya faɗi gaskiyar haɗin. Ta ce ya faɗa duka, har da awo. Sai dai ya sa ta ƙara layi ɗaya a ƙasa: salwar ta iya kuka.

Da yamma ina wanke tukwane Baba ya zo ya tsaya a kaina. Na jira faɗa. Ya ɗauki wani guntun zaren da ya rage ya ɗaga shi a rana.

"Sunanka ba zai hau zanen ba."

"Na sani, Baba."

"Ƙahon ragon nan ma na ƙona shi, kada wani ya gani." Ya juya zaren. "Amma shuɗin nan wa ya taya ka?"

"Ba kowa."

"Da shuɗin ya yi dabbare-dabbare, layin wancan tsohon ba zai fito ba ko zare goma ya bari. Ka gane?" Ya ajiye zaren a kafaɗata. "Gobe ka zo in nuna maka haɗin jan. Tunda maƙwabta sun sani, ba daɗi a ce ɗan gida bai sani ba."

Washegari na buɗe Kwano na ga hoton wani keji na duma a rataye, da salwa a ciki. Kafin in kira kowa sai ga kejin kansa Gwaggo Mastura tana miƙowa ta katanga, ta ce wannan ya ƙi shiga kwamfuta. A jikinsa an liƙa 'yar takarda da rubutun Usta Hamro: waccan ma ta ɗan iya.

Atlas ɗin rumman ya fita ranar biki, kuma a rumfarmu kaɗai. Masu tambayar wanda ya yi, Baba yakan ce zanen nasa ne, shuɗin na ɗansa ne, farin layin kuma na wani maƙwabci ne da kyanwarsa ba ta da tarbiyya. Usta Hamro yana rumfar da ke kallon tamu, da wani sabon yadi mai ja da ban taɓa ganin irinsa a wajensa ba, yana gaya wa mutane cewa jan na wani tsoho ne mai riƙo.

Har yau Baba yakan leƙo shago ya ce, "Ergash, ba na ce ka rufe abin nan ba?"

In ce, "Baba, jiya sun saka wani abu. Kwanon yana wajenmu."

Sai ya ja tsaki ya ce to a bari sai an mayar. Sannan ya jawo kujera ya ce in buɗe ya ga shirmen da tsohon ya saka wannan karon.